Shin kare zai iya rayuwa lafiya ba tare da cin nama ba?

Malam, ka rubuto cewa ka daɗe da barin cin nama, kuma yanzu sayen nama domin karenka ya fara yi maka nauyi a zuciya, saboda haka kana son sanin ko zai iya rayuwa cikin ƙoshin lafiya a kan abincin da babu nama a cikinsa, ko kuwa yin hakan cutarwa ce a gare shi. Amsar ita ce baligin kare mai lafiya zai iya, amma bisa sharaɗi mai nauyi: abincin ya kasance wanda masana suka auna, suka cike duk giɓin da rashin nama ya bari. Hatsarin yana tattare da tunanin cewa a zare nama daga kwanon kare, a ƙara masa shinkafa da wake da ganye, shi ke nan an gama. Wannan hanya tana iya ƙosar da kare, har ya yi ƙiba, alhali jikinsa yana rasa abubuwan da ba a ganin illar rashinsu sai bayan watanni.

Abinci marar nama iri biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana da faɗi. Akwai wanda aka cire nama da kifi amma aka bar ƙwai da kayan madara, akwai kuma wanda babu komai na dabba a cikinsa. Na farko yana da sauƙin haɗawa ƙwarai, domin furotin ɗin ƙwai yana cikin mafi inganci da kare zai samu, kuma ƙwai yana ɗauke da bitamin B12 da wasu sinadaran da tsirrai ba su da su. Madara zalla tana sa wasu manyan karnuka gudawa, saboda ƙarfin narkar da sukarin da ke cikinta yana raguwa bayan yaye. Na biyun shi ne mai wuyar sha'ani, kuma a kansa ne mafi yawan bayanin nan zai tsaya.

Masu cewa kare dabba ce mai cin nama suna da hujja, amma ba ta kai inda suke kai ta ba. Gaskiya ne masana sun sa kare cikin babban rukunin da ya ƙunshi zaki da kura da kyanwa, sai dai a wannan rukunin ne kuma ake samun panda, wadda kusan ba ta cin komai sai gora. Abin dubawa shi ne yadda jikin dabbar yake aiki. Baligin kare yana da haƙora 42, waɗanda suka haɗa da fiƙoƙin yaga nama da kuma turame masu ɗan faɗi a can baya da yake murƙushe abinci da su, yayin da kyanwa take da 30 kawai, kusan dukkansu na yanka. Hanjin kare gajere ne idan aka kwatanta da na dabbobi masu kiwon ciyawa, shi ya sa ɗanyen ganye da ɗanyen hatsi suke wucewa ba tare da ya amfana da su sosai ba, amma idan aka dafa hatsi ya nuna, yana narkar da kusan dukkan sitacin da ke cikinsa.

A shekarar 2013, Erik Axelsson da abokan aikinsa na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin sun wallafa bincike a mujallar Nature inda suka kwatanta ƙwayoyin gadon karnuka da na kyarkeci, wanda shi ne kakan kare. Sun gano cewa ƙwayar gadon da ake kira AMY2B, wadda take sa jiki ya samar da amilas, sinadarin da ke narkar da sitaci, kwafi 2 ne kawai a jikin kyarkeci, amma a karnukan da suka duba ta kama daga kwafi 4 zuwa 30. Ma'anar wannan ita ce dubban shekarun da kare ya yi yana cin abin da ɗan Adam ya rage sun sauya cikinsa. Sai dai a lura, binciken ya nuna cewa kare yana iya amfana da sitaci ne, bai ce sitaci zai maye gurbin duk abin da ke cikin nama ba.

Jikin kare yana kuma iya ƙera wasu abubuwa da kansa. Yana mayar da sinadarin karotin na karas da ganyaye zuwa bitamin A, yana samar da wani nau'in kitse mai muhimmanci daga man tsirrai, yana kuma haɗa wani sinadari mai suna taurin, wanda zuciya take buƙata, daga wasu amino asid guda biyu, wato ƙananan sassan furotin. Kyanwa ba ta iya ko ɗaya daga cikin waɗannan yadda zai wadatar da ita, don haka duk abin da na faɗa a nan game da kare ne, kada a ɗauke shi a ɗora wa kyanwa.

Batun furotin shi ne inda mutane suka fi yin kuskure, domin suna duba yawansa su manta da ingancinsa. Ƙungiyar AAFCO, wadda ma'auninta ne ake bi wajen haɗa abincin dabbobin gida a Amurka, ta sa mafi ƙarancin furotin ga baligin kare a kan kashi 18 cikin 100 na busasshen nauyin abinci, ga ɗan kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa kuwa kashi 22.5. Kai wa wannan adadi da waken soya ko sauran dangin wake ba wuya ba ne. Amma abin da jiki yake buƙata shi ne amino asid, ƙananan sassan da furotin ya ƙunsa, kuma guda 10 daga cikinsu dole ne kare ya samu daga abinci saboda ba ya iya ƙera su. Nama da ƙwai suna kawo su duka goma a ma'aunin da ya yi kusa da buƙatarsa. Hatsi irin su masara da alkama suna da ƙarancin laisin, dangin wake kuma suna da ƙarancin metayonin, don haka sai an gauraya su bisa lissafi, sau da yawa ma sai an ƙara metayonin da aka sarrafa a masana'anta. Ɗanyen wake kuma yana ɗauke da sinadaran da ke hana narkewar furotin, waɗanda zafin girki yake karya su.

Hatta kamfanoni ba kullum suke dacewa da wannan lissafi ba. A shekarar 2015, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada nau'o'i 24 na abinci marar nama da ake sayarwa domin karnuka da kyanwoyi. Guda 23 sun cika mafi ƙarancin furotin, amma guda 6 sun gaza a kan amino asid ɗaya ko fiye, kuma da yawa daga cikinsu ba su bi ƙa'idojin rubutun jikin buhu ko gwangwani ba. Idan masana'anta mai ɗakin gwaji za ta iya yin irin wannan tuntuɓe, ka ga mai haɗawa a gida da ido ba shi da abin da zai dogara da shi.

Taurin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda ya shafi zuciya. Babu shi a tsirrai sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma ko da yake kare yana haɗa nasa daga metayonin da sistin, waɗannan biyun su ne ainihin waɗanda abincin wake yake da ƙarancinsu. Bugu da ƙari, kare yana amfani da taurin wajen haɗa ruwan matsarmama, abinci mai yawan ɓawo da dusa kuma yana iya ƙara yawan wanda yake fita ta bayan gida. Idan taurin ya yi ƙasa na dogon lokaci, naman zuciya yana iya yin rauni, ɗakunanta su buɗe, ta kasa tura jini yadda ya kamata. Wasu jinsuna sun fi saurin faɗawa wannan hali, daga cikinsu akwai Golden Retriever da Newfoundland da Cocker Spaniel na Amurka. A watan Yulin 2018, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa tana binciken rahotannin irin wannan ciwon zuciya a karnukan da suke cin abincin da aka cire wa hatsi aka cika shi da dangin wake da dankali. Mafi yawan waɗancan abincin suna da nama a ciki, kuma har zuwa ƙarshen 2022 da hukumar ta ce ta dakatar da fitar da sabbin bayanai, ba a tabbatar da cewa waken ne musabbabi ba. Duk da haka lamarin ya shafe ka, tunda abinci marar nama a kan dangin wake yake dogara. A ganina, duk abincin tsirrai da ba a ƙara masa taurin da kanitin, wani sinadarin da shi ma zuciya take buƙata, ba, bai kamata ya zama abincin kare na kullum ba.

Sauran giɓin sun fi sauƙin ganewa. Bitamin B12 ba ya samuwa a tsirrai, ƙwayoyin bakteriya ne suke samar da shi, kuma da su ake sarrafa wanda ake zubawa a abinci. Bitamin D kuwa, kare ba ya samun isasshe daga hasken rana kamar yadda fatar mutum take yi, dole sai ta baki, ko dai nau'in D2 na yisti, ko D3 wanda akasari daga maiƙon gashin tumaki ake cirowa, abin da wasu masu ƙin kayan dabba gaba ɗaya ba su sani ba. Hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet wanda yake riƙe zink da ƙarfe da kalsiyam a cikin hanji ya hana jiki tsotse su, don haka abin da aka rubuta a jikin buhu ba lallai ne shi ne ya shiga jini ba. Ƙarancin zink yana bayyana a fata, musamman kewayen ido da baki, kuma karnukan ƙasashen ƙanƙara irin su Husky sun fi saurin nuna shi. Kitsen omega 3 irin wanda ake samu a man kifi yana da madadi mai kyau a man gansakukar teku, wadda daga gare ta ne ma kifin yake samun nasa tun asali.

To, me aka gani a karnukan da aka gwada a zahiri? A shekarar 2009, Wendy Brown da abokan aikinta a Ostareliya sun wallafa gwaji a kan karnuka 12 na jinsin Husky masu tseren jan keke. Rabinsu sun ci abinci marar nama da aka auna, rabi sun ci na nama, tsawon makonni 16, goma daga ciki ana tsere. Gwajin jini ya nuna dukkansu suna cikin ma'aunin lafiya, kuma babu wanda ya kamu da ƙarancin jini. A shekarar 2024 kuma, Annika Linde da abokan aikinta a Kalifoniya sun wallafa sakamakon bin karnuka 15 tsawon shekara guda a kan cikakken abincin tsirrai na kamfani, inda nauyinsu da jininsu da alamomin lafiyar zuciyarsu suka ci gaba da zama daidai. Waɗannan gwaje-gwaje suna da ƙima domin an auna jiki ne, ba a dogara da ra'ayin mai kare ba, amma adadin karnukan kaɗan ne, lokacin kuma gajere ne idan aka tuna cewa kare yana iya haura shekara goma a duniya.

Binciken da ya fi yawo a kafafen labarai shi ne na Andrew Knight na Jami'ar Winchester a Ingila, wanda ya fito a mujallar PLOS ONE a 2022, ya kuma ƙunshi karnuka fiye da 2,500. Ya ba da rahoton cewa karnukan da suke cin abincin tsirrai sun fi masu cin abincin kamfani na yau da kullum ƙarancin matsalolin lafiya. Ina ba ka shawara ka karanta wannan sakamako da taka tsantsan. Masu karnukan ne suka amsa tambayoyi, ba likitoci ne suka duba dabbobin ba, kuma mutumin da ya zaɓi wani abinci saboda aƙida yana da saurin ganin alheri a cikinsa. Wata ƙungiya mai fafutukar yaɗa abincin tsirrai ce ta ɗauki nauyin aikin. Da wasu masana na Jami'ar Liverpool suka sake nazarin alƙaluman a 2024, sun ga cewa abubuwa irin su shekarun kare sun fi bayyana bambancin lafiya, tasirin nau'in abinci kuwa ƙarami ne ƙwarai. Abin da shaidun suka iya ɗauka shi ne cikakken abincin tsirrai yana iya riƙe baligin kare lafiya. Iƙirarin cewa ya fi na nama kuwa ya wuce abin da aka tabbatar. Ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ma, wadda ta daɗe tana nuna rashin amincewa, ta sassauta matsayinta a 2024, ta yarda cewa abin mai yiwuwa ne ga karnuka, tare da jan kunne a kan wuyar daidaita shi.

Haɗa abincin a gida shi ne abin da ba zan goyi baya ba, sai fa idan ƙwararre a fannin abincin dabbobi ne ya rubuta maka ma'aunin, aka kuma bi shi da sikeli ba tare da musanya wani abu da wani ba. A 2013, masu bincike a Davis sun tantance tsarin girki 200 na abincin kare da suka tattaro daga littattafai da intanet, suka tarar kashi 95 cikin 100 sun gaza a kan aƙalla sinadari ɗaya mai muhimmanci, alhali waɗannan ba a ma hana su amfani da nama ba. Ga kuma wani hatsari da ya fi kusa da gidan da ake yawan girka kayan lambu: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ko ɗanye ko dafaffe, inabi da zabibi suna iya tsayar da aikin ƙoda, cakulan guba ne a gare shi, haka nan zailitol, wani abin zaƙi da ake sa wa a cingam da wasu nau'o'in man gyaɗa na kwalba, wanda yake zubar da sukarin jini cikin ɗan lokaci ya kuma lalata hanta.

Akwai karnukan da ban ga dalilin jefa su cikin wannan gwaji ba. Ɗan kwikwiyo yana gina ƙashi da tsoka da ƙwaƙwalwa a lokaci guda, kuma kuskuren watanni kaɗan yana iya barin nakasa ta dindindin. Lamarin ya fi tsanani ga 'yan kwikwiyon manyan jinsuna, waɗanda ƙarancin kalsiyam yake lanƙwasa musu ƙafafu, yawansa kuma yake ɓata musu gaɓoɓi, ga shi dole ma'aunin kalsiyam da fosfaras ya tsaya tsakanin ɗaya da ɗaya zuwa biyu da ɗaya. Karya mai ciki ko mai shayarwa ita ma haka, domin buƙatarta tana ninkuwa, abincin tsirrai kuma yana da yawan cika ciki kafin ya ba da isasshen ƙarfi. Kare mai ciwon zuciya, ko wanda jinsinsa yake da gadon ciwon, ko tsoho mai zubewar tsoka, sai da sahalewar likitan da ya san tarihinsa.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai lokutan da likitoci da kansu suke rubuta abinci marar nama a matsayin magani, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a wurina cewa abin yana aiki idan an auna shi. Naman shanu da kayan madara da kaza suna kan gaba cikin abubuwan da suke jawo wa karnuka ƙaiƙayi da ciwon kunne na rashin jituwa da abinci, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin gano matsalar shi ne a sa kare a kan furotin ɗin waken soya da aka farfasa ƙanana. Jinsin Dalmatian yana da gadon da ke sa shi tara tsakuwa a mafitsara idan yana cin kayan ciki da wasu nau'o'in nama, don haka akan karkatar da shi zuwa ƙwai da tsirrai. Wasu masu ciwon hanta ma sun fi jure furotin ɗin soya da na madara a kan jan nama.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, fara da kai shi wurin likitan dabbobi a auna nauyinsa, a saurari zuciyarsa, a ɗauki jini da fitsari, domin a sami abin kwatantawa daga baya. Zaɓi abincin da aka rubuta a jikinsa cewa cikakke ne ga baligin kare bisa ma'aunin AAFCO ko na FEDIAF da ake bi a Turai, kuma wanda aka gwada ta hanyar ciyar da karnuka ya fi wanda aka tsaya a kan lissafin takarda. Ba laifi ba ne ka tuntuɓi kamfanin ka tambayi wanda ya tsara abincin da irin karatun da ya yi, da kuma ko suna gwada kowane zubi kafin ya fita kasuwa. Kamfanin da ya kasa amsa wannan ya riga ya ba ka amsa. Sauyin ya kasance a hankali cikin kwana 7 zuwa 10, ana rage tsohon ana ƙara sabon, kuma kada yawan bayan gida ko tusa a makonnin farko ya ba ka mamaki, tunda dusar abincin ta ƙaru.

Bayan kamar wata uku a maimaita gwajin jini, a haɗa da B12 da taurin inda hakan zai samu, daga nan kuma aƙalla sau ɗaya a shekara. Gwajin fitsari yana da muhimmanci na musamman, domin abincin tsirrai yana rage tsamin fitsari, abin da ke iya taimaka wa wani nau'in tsakuwa ya taru a mafitsara, musamman idan akwai ciwon sanyin fitsari. Kai kuma a gida ka riƙa lura da ƙashin bayansa da cinyoyinsa ko tsoka tana zubewa, da gashinsa ko ya dushe, da dasashinsa ko ya yi fari. Tari, ko saurin numfashi yana kwance, ko gajiya a tafiyar da ya saba yi, ko suma, alamu ne da ke buƙatar a duba zuciya a ranar, ba a jira zagayowar lokacin gwaji ba.

Wani abu kuma da nake ganin ya dace ka auna shi ne cewa kai ne ka zaɓi barin nama, karen bai zaɓa ba, kuma hakkin ciyar da shi abin da ya dace yana wuyanka. A Ingila ma doka ce, domin dokar walwalar dabbobi ta 2006 ta lissafa abincin da ya dace cikin abubuwan da wajibi ne mai dabba ya samar. Idan sakamakon gwaji ya nuna giɓi, ko karen ya ƙi cin abincin har ya fara ramewa, ƙara masa dafaffen ƙwai bisa ma'aunin da likita ya ba ka yakan toshe babban ɓangare na matsalar ba tare da an koma ga nama ba, idan kuma hakan bai wadatar ba, to a mayar da shi kan abincinsa na da.